Tofin Kaka a Bayan Waya

Da na iso gona daga lakwal, wato makaranta, abin da na fara gani shi ne aljihun Alhaji a lafe. Kowace shekara yakan zo daga Zinder sayen tattasanmu, aljihunsa a kumbure har rigarsa ta karkace. Bana babu.

Ga buhuna jajir a bakin kogin Komadugu, ga kamyo na jiran lodi, direbansa yana ta duban rana, ga Kaka zaune daram a kan buhun farko. A gidanmu ba a loda tattasai sai ta riƙe kuɗin ta tofa musu albarka. Ni kuwa a cikinsu kuɗin rajistar jarrabawata suke, kuma washegari za a rufe.

"Hajiya, hanya ta hana yawo da kuɗi," in ji Alhaji. "A waya suke."

"To waya ta ɗauki buhun," in ji Kaka.

Baba ya miƙo mini wayarsa, don shi da rubutu sai a hankali. Na sa lambar Alhaji da kuɗin da suka daidaita, na aika masa neman biya. Alhaji ya matse ido, ya danna lambar sirrinsa a tasa wayar da ɗan yatsa ɗaya. Kafin ya sauke hannu wayar Baba ta yi ƙara. Na karanta saƙon shigar kuɗin da ƙarfi, ni da ko a aji ba a jin muryata.

Kaka ko gezau. "Ban ga komai ba."

Na sunkuya na ce mata a kunne, "Kaka, da a aljihun Alhaji suke, yanzu suna nan ciki. Ki riƙe."

Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta auna nauyinta. "Tattasan shekara guda? Ko ƙwan zabo ya fi ta nauyi." Ta yi bisimilla, ta tofa sau uku. Baba ya zabura. "Inna, a baya! Ba a gilashin ba!" Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Sai ta sauka daga buhun, ta kakkaɓe zaninta, aka fara lodi. Baba ya ce da sassafe za mu je a biya rajista.

Na laluba jakata na ciro bik, alƙalamin da zan rubuta jarrabawa da shi.

"Kaka, ki tofa wa wannan ma."