Ranar Fara da Takardar Jikata

Ko da mantuwa za ta cinye duk abin da ke cikin kaina, kamar yadda take yi wa tsofaffi sa'o'ina, akwai abu guda da na tabbata zai fi ƙarfin haƙoranta. Shi zan ba ku labari, ba don yana da daɗin faɗa ba, sai don nauyinsa ya ishe ni ni kaɗai.

A ƙauyenmu, cikin ƙasar Yekuwa, ni ake tambaya ranaku. Ba mu ajiye littafi; abin da ya faru shi ne ma'aunin shekara. Idan gardama ta tashi kan wane ne babba tsakanin mutum biyu, ko yaushe aka haƙa rijiyar gabas, sai a ce a je wurin tsoho. In gyara zama, in ce wane an haife shi damina biyu bayan rijiya ta rufta, magana ta ƙare. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa mayar mini da magana, har na ɗauka tawa ba ta mayuwa.

Cikin ranakun da nake riƙe da su akwai wadda na fi ji da ita. Wata Talata ce cikin kaka, gero ya nuna, an soma girbi. Da hantsi fara ta taso daga arewa ta rufe rana, ta sauka a gonaki, muna jin ƙarar cinta kamar wuta ta kama kara. Da azahar tsohon mai garinmu, wanda ya daɗe kwance, ya cika. Kafin la'asar kuma aka aiko mini daga cikin gida cewa matar ɗana ta sauka, an sami mace. Masifa da mutuwa da haihuwa, duk cikin yini guda. Na ba da labarin ranar nan a ƙofar masallaci, na ba da shi a kasuwar Dungas, na ba da shi wurin suna da wurin zaman makoki, kullum kuwa nakan rufe da cewa, "A ranar ce aka haifi jikata, ga ta can." In nuna ta da sanda.

Jikar nan tawa tana lakwal, wato makarantar boko, ajin ƙarshe, kuma mushensu, malamin da ke koyar da su, ya sha gaya mini bai taɓa koyar da kai irin nata ba. Bakinta ma ba daga baya ba. In ta tarar ni cikin labarin sai ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Tsoho, yau ma farar ce? Ai ita kanta ta gaji da sauka."

"Ke da kika zo da yunwa a goshinki, har kina da bakin magana?"

"To ai a haka ka ce kana so na. Bari in zama likita, allurar farko taka ce, da babbar allura kuwa."

Da jarrabawa ta ƙarato aka ce ba mai zama sai da takardar haihuwa. Ita a ɗaki aka haife ta, ba wanda ya kai sanarwa ko'ina. Aka yi shela cewa alƙali zai zo Yekuwa ya yi wa irin waɗannan yara takarda, kowa ya zo da shaidu biyu. Ubanta yana ci-rani can arewa, saboda haka ni na ɗaura wa jaki amalanke, na ɗauki yarinyar da uwarta da wani aminina da muka yi ƙuruciya tare, muka tafi.

Mun tarar an kafa tabur a inuwa, jama'a ta yi layi. Kusa da alƙali akwai sakatarensa, yana riƙe da wata doguwar takarda da aka jera manyan abubuwan da suka faru a ƙasa, kowane da shekararsa, don irinmu da ba mu ƙirga da lamba. Da layi ya zo kanmu ya ce, "Baba, yaushe aka haife ta?" Na dogara sandata, na soma daga hantsi. Ban rage kome ba. Har mutanen layi suka yi tsit suna saurare, ni kuwa ina jin kaina yana ƙara girma. Sakatare ya bi takardarsa da yatsa ya ce, "Shekarar fara, ga ta nan." Sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi yarinyar.

"Amma Baba, ta yi ƙanƙanta da wannan shekara."

"Ɗana, wanda aka haifa cikin yunwa ba ya tsawo."

Aka yi dariya. Aminina ya ce, "Yadda ya faɗa haka yake, ina nan aka yi." Shi dama tun muna yara bai taɓa musa mini ba.

A nan ne uwar yarinyar, tana durƙushe bayana, ta ja mayafi ta rufe baki, ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Baba, ba wannan ba ce. Waccan ce."

Na juya na ce, "Wace waccan? Yau kuma mata za su koya mini lissafin kaka?"

Ta sunkuyar da kai. Sakatare ya rubuta, alƙali ya sa hannu, na dangwala yatsa. Tambaya guda ta rage tsakanina da gaskiya a ranar, ban yi ta ba, don idon jama'a yana kaina.

Jikata ta zauna jarrabawa, ta ci, ta ci da kyau. Amma da damina ta yi nisa aka fito da sunayen waɗanda za a ba wuri a kwaleji, babu nata. Mushensu ya zo har zaurena, ya gaishe ni da ladabi, ya ce shekarun da ke takardarta sun haura iyakar da aka yanka. "Baba, an ƙara mata wajen uku. Ni na ɗauke ta tun haƙoranta na gaba ba su faɗi ba, na san ba ta kai haka ba." Na ce masa shi ya san alli, ni na san ranaku. Ya tashi ya tafi.

Bai daɗe da fita ba na ji motsi bayan zana. Matar ɗana ce. Ba ta shigo ba, daga can ta durƙusa, rana tana dukan ta.

"Baba, ka gafarce ni, zan faɗi abin da bai kamaci bakina ba. Wadda aka haifa ranar fara ba ta ga wata kaka ba. Da bazara ta koma. Kai ka ɗauke ta a hannunka, cikin guntun farin ƙyalle. Wannan ƙanwarta ce, sai bayan kaka uku na same ta."

Wallahi sai da ta faɗa na ji nauyin ƙunshin nan ya dawo hannuna, marar nauyi kamar damin kara guda. Na tuna zafin yashin hanyar maƙabarta. A bazarar yunwar nan mun kai yara da yawa, mu maza mukan dawo mu wanke hannu, ba mu ƙara ambatonsu. Da aka sami ta biyu aka mayar mata da sunan ta farin, ni kuwa a hankali na haɗe su biyu suka zama ɗaya, don labarina ya fi daɗi da mai rai a ƙarshensa. Uwar tana ji na shekara da shekaru. Amma wadda ta rasu ƴar fari ce, wadda kunya ta hana uwa ko kiran sunanta tana raye, balle ta ba da labarin mutuwarta, balle kuma ta gyara wa surukinta magana gaban mutane. Abin da ta iya furtawa gaban alƙali ke nan, kuma ya fi ƙarfinta ma.

Da a nan laifina ya tsaya, da na sami abin da zan gaya wa Ubangijina, don ɗan Adam ajizi ne. Mushe ya dawo ya ce abin yana gyaruwa: in je kotu a Magarya da kaina, in ce shaidar da na bayar kuskure ce, tun ba a rufe sunaye ba. Na ce to. Amma duk safiyar da na ɗauki hula sai in ga kaina tsaye gaban alƙali ina cewa ban san ranar haihuwar jikata ba, in ji yadda za a kai labarin kasuwar Dungas kafin in dawo gida. Sai in ce bari a gama noma na ƙarshe. Aka gama, na ce bari hanya ta bushe. Ta bushe, na ce bari a shigar da wake. Yarinyar takan zo da safe ta tsaya bakin zaure da wankakkun tufafinta ta ce, "Kaka, yau ne?" In ce, "Gobe, in Allah ya so." Na rataya wa Allah abin da yake tsorona ne.

Ranar da na hau kabu-kabu na tafi, sa'o'inta sun yi kusan wata biyu a aji. Ba wanda ya yi mini dariya a kotu, ba wanda ma ya san ni. Aka ce in kawo wannan, in dawo da wancan, in zo da uwar. Kafin sabuwar takarda ta fito wata kaka ta zagayo ta wuce. Yarinyar kuwa ta riga ta ba ƙanenta littattafanta, ta bi uwarta gona da rijiya.

Na kira ta na miƙa mata takardar da hannu biyu, ni da ban taɓa miƙa wa yaro abu haka ba. Ta karanta ta tun daga sama har ƙasa, ta ninke ta, ta ce, "Daidai ne yanzu, Kaka. Sai dai ba inda zan kai ta." Ta ajiye mini a kan buzu ta koma ga turminta. Yau tana da ƴaƴanta, ita ke karanta wa matan unguwa takardar magani in sun dawo daga asibiti. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya.

Abin da na koya, na koye shi bayan ya daina amfanar kowa. Ranar haihuwa ta uwa ce, ita ta kwana da ita a jikinta, wanda duk zai shaida sai ya tambaye ta ya kuma jira ta gama. Kuskurena na yini guda ne, yana da magani, an ma nuna mini ƙofar maganin. Abin da ya cinye karatun yarinyar nan shi ne kwanakin da na yi ina zaune a zaure ina tsaron girmana. Girman yana nan, har yanzu ana gaishe ni a durƙushe, ban kuwa san abin da zan yi da shi ba.