Tekun Daso

Duk Boɗinga babu wanda bai san Sodangi Direba ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan albasa zuwa Ikko, kuma duk dawowa sai ya cika wa matarsa Daso kunne da labarin teku, ruwan da ba a hango gaɓarsa. Tun tana amarya, sabuwar zuwa daga Dandin Mahe, ya yi mata alkawarin zai kai ta ta gani. Bana goyo, baɗi mota ta lalace, har ya ajiye tuƙi, ita kuma ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya. Ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma abin da ya fi ci masa rai ke nan.

To, Sodangi akwai kafiya. Ya taɓa ganin kifayen teku cikin akwatin gilashi a wani shago can Ikko, sai ya ce tunda Daso ba ta iya zuwa, tekun ne zai zo. Abokinsa Bilyaminu, wanda har yau yake bin hanyar, ya kawo masa akwatin, da gishiri na musamman, da duwatsu masu ramuka, da famfo mai aiki da sola, da ɗan ma'aunin gishiri. Mai shagon ya aiko da gargaɗi: a haɗa ruwan, a bar shi sati shida kafin kifi ya shiga.

Sati shida akwati na gurnani a ɗakin Daso, babu komai ciki sai duwatsu. 'Yan majalisa suka samu abin yi. Da ya zauna sai wani ya ce, "Sodangi, ya kiwo? Duwatsun sun ci sun sha?" Shi kuwa ko a jikinsa, sai ya ce suna gaishe su.

Ranar da kifayen suka iso, biyu ne tak, masu launin ruwan lemo da ratsin fari. Daso ta tafa hannu ta sa musu suna ango da amarya. Matan unguwa suka yi ta sallama kamar gidan suna.

Sai zafin bazara ya kunno kai. Sodangi ya kafa fanka a bakin akwatin, ya lulluɓe gefensa da jiƙaƙƙen buhu kamar randa. Ruwa ya yi sanyi, amma kullum sai ya ragu. Kullum kuma sai ya dama sabon ruwan gishiri ya cike gurbin. Allurar ma'auni ta yi ta hawa, ya ce ƙarya take yi, ai shekara goma ya yi da motar da allurar man fetur ɗinta ba ta motsi. Kwana goma, ango da amarya suka shige bayan dutse suka daina cin abinci. Sodangi ya tsorata ƙwarai. Alkawarin shekara talatin ne zai mutu a gaban idon matar.

Daso ta jawo kujera, ta tsoma ɗan yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Malam, in miya ta tsotse bisa wuta, mi aka ƙara mata?"

"Ruwa mana."

"To kai mi kaka ƙara ma wanga? Ruwa ka tashi, gishiri na nan zaune. Ka kashe ma bayin Allah baki."

Sodangi ya buga wa mai shago waya, aka ce maganar Hajiya Daso ce daidai: tataccen ruwa zalla, kaɗan-kaɗan, kada a yi gaggawa. Daso ta karɓi aikin da ludayinta. A rana ta huɗu amarya ta leƙo ta cafke abinci, ango ya biyo baya.

Sodangi ya ce a hankali, "Daso, ban dai kai ki ba."

Ba ta ɗauke ido daga gilashin ba. "Da ka kai ni, yini guda za ni gani mu komo. Wanga ko, ni ad da shi."

Sai ya ce bari ya duba sola, ya fita da sauri yana goge ido da hannun riga.