Kwanon da Aka Maido daga Gidan Bulama

Har gobe ban manta da ranar Juma'ar da aka maido mana kwanon burabusko ko murfinsa ba a ɗaga ba.

Lokacin ina koyar da girki a wata cibiya a garin Diffa, inda ake ajiye samari da 'yan mata da rikici ya raba da iyayensu, har da waɗanda suka kuɓuto daga hannun 'yan bindiga. Yaro yakan yi watanni a wurinmu kafin a gano danginsa. Darakta ne a sama, sai masu kula da yara, sai mu masu koyar da sana'a. Babbar dokar gidan ita ce yaro ba ya taka waje sai da izinin darakta.

Akwai wata yarinya Yagana, 'yar wani ƙauye kusa da Geskeru. 'Yan bindiga ne suka ɗauke ta tun tana ƙarama, shi ya sa ta zo mana da shekara goma sha shida ko miya ba ta iya kaɗawa ba. Na fara da ita daga gyaran bandar kifi da dakan tattasan Shetimari. Ta ƙona tukunya, ta yi kuka, ta sake. Ranar da ta dafa burabusko da miyar yakuwa ita kaɗai, na ce a zuba wa maƙwabta kamar yadda kowane gida yake yi. Ta zaɓi kwano mai kyau, aka kai gidan Bulama, mai unguwarmu, da ke daura da ƙofarmu.

Ba a jima ba matar Bulama ta kawo wa mai gadi kwanon. Ta ce sun gode, amma ba wanda ya san abin da hannun da ya dafa shi ya taɓa riƙewa. Yagana tana bayan ƙofa, ta ji komai. Ta kwance zanen girkinta, ta ce ita da murhu har abada.

Na sami darakta, mutumin Maraɗi ne mai haƙuri. Ya ce in bar maganar, unguwa da ƙyar ta yarda da zamanmu, kada in tayar da fitina. Daga yau kuma kada a sake fitar da abinci.

Na kira shi yadda muke kiran manya da Faransanci, na ce, "Mushe, dokar ta hana yara fita. Ni ta hana ni?"

Na ɗauki kwanon da tabarma, na tsallaka titi, na shimfiɗa a ƙofar gidan Bulama daidai lokacin da maza suke dawowa daga masallaci. Na yi bismilla na fara ci. Ban ɗaga kai ba. Yaranmu suka taru a bakin ƙofa, ba wanda ya ƙetare. Bulama ya tsaya ya tambaye ni lafiya. Na ce lafiya lau, ina so ne unguwa ta ga ko zan mutu. Ya shige gida.

Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli, Ya Falmata, ita ce ta jawo jiki ta zauna. Ta kai loma, ta daɗe tana taunawa, sannan ta tambayi wa ya dafa. Na nuna Yagana. Tsohuwar ta ɗaga murya ta ce, "'Yata, gishirinki ya yi yawa."

Yagana, wadda ko ido ba ta haɗawa da baƙo, ta amsa daga can: "Kaka, daidai yake. Banda ce mai gishiri."

Tsohuwar ta yi dariya ta ci gaba da ci.

Washegari darakta ya yi mini gargaɗi a gaban ma'aikata. Na ce na ji, amma Juma'a mai zuwa kwano zai fita, in ya so ya sallame ni. Bai sallame ni ba. Yagana ta koma murhu, ta kuma rage gishiri ba tare da ta gaya wa kowa ba. Gidan Bulama kuwa har na bar aikin suna maido kwanonmu, mu kuma muna aikawa.

Ku da kuka shigo aikin nan a bayana, ku sani koya wa yaro sarrafa tukunya shi ne mai sauƙi. Sai kun samo masa wanda zai ci, ko da zai kushe. In ba a samu ba, ku fita ku zauna a titi ku fara ci da kanku.