Kuɓewar Ranar Lahadi

Ni mutum ne mai yawan damuwa. Matata takan ce da damuwa hatsi ce, da babu rumbun da ya kai namu cika a duk ƙasar Kurfai. In na rufe garken awaki sai na koma na taɓa ƙyauren. In na gama addu'a sai in zauna ina tunanin ko akwai wanda na manta ban ambata ba. Na sha roƙon Ubangiji ya rage mini wannan hali, daga baya kuma in damu ko roƙon ya dace.

A shekarar da nake magana ruwa ya yi jinkiri. Yara sun samu hutun lakwal, wato makaranta, sun dawo gida suna ci kamar fara, sama kuwa fes. Iri na ɗaure a buhu, sungumi ya sha wasawa har ya gaji. Mu a majami'a muna roƙo, maƙwabtanmu Musulmi sun fita roƙon ruwa a bayan gari, can ƙauye kuma ana jin kiɗan masu bin al'adar kakanni. Kowa dai idonsa na gabas.

Sai ranar Lahadi da asuba hadari ya taso daga wajen Sanam, ya zubo kamar da bakin ƙwarya. Kafin gari ya waye tsakar gida ta cika, kwaɗi sun fara waƙa, yarana sun fita tsirara suna tsalle. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina tunanin gona. Gonarmu jigawa ce a gefen Filinge, rairayi ne wanda ba ya riƙe laima. In ba ka shuka da wuri ba, rana ta shanye, sai ka jira wani ruwan da ba ka san ranar zuwansa ba. Ga shi kuma Lahadi ce. Mahaifina, Allah ya ba shi hutawa, bai taɓa ɗaga fartanya ran Lahadi ba, kuma a kan haka ya tashe ni.

Maƙwabcina, wanda gonarsa ke iyaka da tawa, ya leƙo ta saman darni da sungumi a kafaɗa.

"Maƙwabci, barka da ruwa! Ashe ranar hutunku aka aiko shi. Kai da Allah akwai wasa."

"Barka kadai, Malam. Ku yi gaba, muna tafe."

"Yaushe?"

"In an jima. Ko gobe."

"To, in rairayinka ya tambaye ni, zan ce mashi ka tafi waƙa." Ya yi dariya ya wuce, 'ya'yansa na biye da ƙoren iri.

Mu ba mu da yawa a garin, majami'armu ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano. Ran nan an yi waƙar godiya har gangar ta kusa fashewa, amma ni bakina kawai ke motsi, kunnena na wajen taga yana sauraren ko rana ta fito. Na sa rai fasto zai yanke mana hukunci in huta. Shi ma manomi ne, na ga laka a ƙafarsa. Sai ya ce wanda ya ga dole ya tafi gona bai kama shi da laifi ba, wanda kuma ya zauna ya zauna da zuciya ɗaya. Wato ya ɗauki kayan ya ɗora mini a ka.

A hanyar gida na ce wa matata, "In mun tafi, na karya abin da Baba ya bari. In mun zauna ƙasa ta bushe, mi yara za su ci?"

Ta ce, "Maigida, zaɓi ɗaya. Ni dai tukunyata ba ta san Lahadi ba."

Na ce mun zauna.

"To, in mun zauna, mu zauna."

Su kam sun zauna. Yara suka kwaso laka a bakin kududdufi suna gina shanu, har da masu tozo. Babbar 'yata ta shimfiɗa tabarma a gindin itacen bedi tana yi wa ƙanwarta kitso, suna maimaita waƙar safe. Matata na dafa ɗanwake. Ni kuwa na kasa zama. Sai in tashi in je bakin rumbu, in tsuguna, in soka yatsa cikin ƙasa in ji inda laima ta tsaya. In dawo in zauna. Can in ce ai bakin rumbu inuwa ce, ba ta nuna gaskiya, sai in je tsakiyar fili in soka. Daga nan bakin garke, daga nan ƙofar gida, in sake dawowa.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune da mu. Ƙafa ta hana ta zuwa gona shekaru da dama. Na lura duk inda na tashi sai ta biyo a hankali da sandarta, ta ɗan tsaya, ta wuce. Na ɗauka ƙafar take miƙewa saboda sanyi.

"Maigida," in ji matata daga madafa, "wannan hutun naka ya fi noma wuya. Ka bar ƙasar nan ta huta ko kai ba ka hutawa."

Yara suka fashe da dariya. Ƙaramin ya tsuguna ya soka yatsa ya ɗaure fuska kamar ni, har da girgiza kai.

Da la'asar sakaliya gina, garar nan mai fiffike, ta fito daga shurin bayan gida, tana tashi kamar hayaƙi. Gidan ya hautsine. Wannan da tsintsiya, wancan da kwano, kaji na tsere da yara, Inna na ba da umarni daga kan turmi. Aka soya da ɗan gishiri. 'Yata ta zo ta buɗe hannuna, wanda duk ƙasa ce, ta kakkaɓe shi, ta zuba mini mai zafi. Na ɗaga kai sai na ga ashe tun safe rana ba ta fito sosai ba, gajimare ya rufe ta yini guda. Ni da ke neman labari a ƙarƙashin ƙasa ban duba sama ba ko sau ɗaya. Ƙamshin ƙasa, ƙamshin suya, dariyar yara, duk suka taru mini wuri guda. Sai na tuna makonni na yi ina roƙon ruwan nan, ya zo, amma ban ce na gode da zuciyata ba. A nan tsaye, da gina a baki, na faɗa. Na ji kamar wanda nake yi wa godiyar ya daɗe a tsakar gidan yana jira in juyo.

Litinin tun da sassafe muka isa gona. Na sara sungumi na farko. Sama-sama ya bushe, amma ƙasan baƙi ne mai sanyi. Ina sara, matata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Da rana ta yi tsaka maƙwabcina ya tsallako iyaka da sunguminsa, ya ce ya gama tasa, kuma ba ya son gonar da ke kusa da shi ta ba shi kunya. Hatsinsa ya riga nawa tsira, ya kuwa tuna mini da haka kullum har kaka, lokacin da ba mai iya bambanta su.

Bayan 'yan kwanaki da shukar, wata safiya, matata ta kira ni tana riƙe da ciki don dariya. Tsakar gidanmu ta tsiro. Wasu 'yan ganye bibbiyu ne, daga bakin ɗaki zuwa rumbu, daga rumbu zuwa tsakiyar fili, su karkata zuwa garke, su nufi ƙofa, su sake komowa. Duk inda na soka yatsa ran Lahadi, ga shi a fili kowa na gani.

"Inna, mi ne ne wannan?"

Ta kwance bakin zanenta ta nuna mini sauran irin kuɓewa. "Tun ina yarinya ban taɓa ganin rami buɗe a ƙasa mai laima na wuce shi ba. Kai kana haƙa, ni ina jefawa. Da mi kake so in yi?"

Wato duk da haka na yi shuka ran Lahadi! Ban ko karya kumallo ba na tafi wajen fasto, na same shi yana gyaran babur. Na kwashe labari na faɗa masa, na tambaya ko in tumɓuke su. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya samu numfashi ya ce, "Kai ka yi ramin don tsoro, tsohuwa ta jefa iri don sabo. To, wa ya tsirar? Je ka tambaye shi ko yana so a tumɓuke."

Ban tumɓuke ba. Na saro ƙaya na kewaye kowace ɗaya saboda awaki, har tafiya a gidanmu ta koma sai da kwana-kwana, baƙi na tambaya wane irin lambu ne wannan marar kan gado. Kuɓewar ta yi 'ya'ya fiye da ta fadama. Muka ci ɗanya, muka yanka muka shanya, aka kai wa fasto, aka kai wa maƙwabci. Shi kuwa ya aiko cewa miyar ta yi daɗi, amma yana jin ɗanɗanon damuwa kaɗan a ciki.

Har yau in ruwa ya sauka ina soka yatsa a ƙasa, ban daina ba. Sai dai yanzu in na tsuguna nakan waiga, domin na san Inna na tafe da sandarta, bakin zanenta a ƙulle.