Darasin Anti Halina a Kicinmu

Wata Asabar da hantsi, ina 'yar shekara goma, ina tsince shinkafa a kicinmu na unguwar Abbey Wood a Landan, Anti Halina ta shigo da takarda a hannu, idanunta sun yi ja. Maƙwabciyarmu ce 'yar ƙasar Poland (su ma suna da sunan Halina), tare suke aiki da Umma a gidan kula da tsofaffi. An ce mata in ba ta ci jarrabawar rubuta rahoto ba, za a mayar da ita shara da goge-goge. Abin da ya kayar da ita a gwajin farko shi ne yadda Bature ke faɗin an yi abu ba tare da ambaton wanda ya yi ba. Ta rubuta "the medicine gave", wai maganin ne ya bayar.

Umma ta ce, "Zainab, ajiye tiren nan, ke ce mai Turancin makaranta." Ni kuwa na iya faɗa, amma ban san dalili ba. Umma ce ta warware mana, tana yanka albasa. Ta ce ai "an" ɗinmu ne na Hausa: an dafa, an share, an ba da magani. A fara da abin da aka yi wa aikin, a sa "was", sannan siffar aikatau ta uku, kamar "was given". Anti Halina ta buga tebur, ta ce su ma suna da irinsa a yarensu.

Wata biyu muka yi muna wannan wasa. Duk abin da na taɓa sai ta faɗa. Na wanke tukunya, ta ce "was washed". Na fasa ƙwai, ta ce "was breaked", in yi ta dariya har Umma ta harare ni. Ranar da sakamako ya fito ta hawo bene da gudu, ɗauke da kek mai tuffa, tana ihu, "I was passed!" Na buɗe baki zan gyara mata, Umma ta taka min ƙafa. "Bar ta, yau ranarta ce."

Daga baya ta koma ƙasarsu jinyar mahaifiyarta, wasiƙu suka yi ta raguwa har suka tsaya. Yanzu 'ya'yana waya suke tambaya in Turanci ya shige musu duhu, ta ba su amsa nan take. Ba na jin an ƙara ƙwanƙwasa mana ƙofa don neman kalma ɗaya.