Jimlar da Na'ura Ta Kasa Ƙaryatawa

A shekarun da kuɗin fetur ke kwarara a Libiya na baro Damagaram na zo Sabha karatu. 'Yan garinmu suna can unguwar Sukra suna kwaɓa siminti, ni kuwa ina aji da biro a aljihu, ina ji da kaina. Amma gara in faɗa tun yanzu, ni matsoraci ne. Ko motar 'yan sanda na hango daga nesa sai na laluba iƙamata, takardar izinin zama.

A shekara ta biyu muka yi darasin yadda na'ura mai ƙwaƙwalwa ke tabbatar da magana ta hanyar manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja. Malaminmu wani dattijo ne Basudane, mai yawan tari, alli har a gemu. Ya koya mana cewa na'ura ba ta bi kai tsaye. Za ka ba ta abubuwan da aka yarda da su, sannan ka ƙara mata kishiyar maganar da kake son tabbatarwa. Sai ta yi ta gwama su har ta sami biyu da suka ci karo. In ta samu, kishiyar ta faɗi, maganarka ta tsaya. Na'urar ma ba a Sabha take ba. Kati muke hudawa a tura Tarabulus, mu yi mako biyu muna jira.

Da aka ce kowa ya kawo misalinsa, wasu suka ɗauko raƙuma da dabino. Ni sarkin wayo na ce bari in faranta ran 'yan kwamiti, ɗaliban nan da ko malamai ke rage murya in sun gifta. Na zaɓi in tabbatar cewa duk ɗalibi yana goyon bayan juyin juya hali. Bisa ƙa'idar darasi sai na huda kishiyarta: akwai ɗalibin da ba ya goyon baya.

Garin neman ƙiba na samo rama. Na huda katin da ke cewa duk jama'a suna goyon baya, ashe na manta kati ɗaya, wanda ke cewa ɗalibai suna cikin jama'a. Na'ura ta yi ta lalube har lokacinta ya ƙare, ta buga jimlata a sama tare da lambata, a ƙasa ta rubuta cewa ba ta sami abin da ya ƙaryata ta ba. Takardar kuma ba hannuna ta fara shiga ba.

Da hantsi aka kira ni wani ɗaki a bayan ofis. Wani saurayi ɗan kwamiti, wanda bai girme ni ba, yana zaune da takardar a gabansa.

Ya ce, "Wane ne ɗalibin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu shi. Dabara ce ta darasi, ana faɗin kishiyar ne don a rushe ta."

"To ta rushe?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Na'ura ta ce akwai shi, na'ura kuwa ba ta ƙarya. Sunansa nake so. In babu suna, ga lambarka nan."

Na san ɗalibai biyu da aka yi wa irin wannan kira, har lokacin katifunsu na nan a naɗe. Wallahi sunayen abokaina suka fara zuwa mini ɗaya bayan ɗaya, ina auna wanda ba shi da kowa.

Sai na ji tari a bakin ƙofa. An kira malam shi ma. Ya ɗauki takardar ya daɗe yana dubawa, na kuma tabbata ya ga inda katin ya ɓace. Ya san bayani ba zai shiga a ɗakin nan ba.

Ya ce, "Ni na ba shi jimlar. Yaron nan ko Larabci bai gama iyawa ba, abin da na rubuta ya huda."

Saurayin ya juyo gare ni. "Haka ne?"

Malam bai dube ni ba, yana kakkaɓe alli daga hannun rigarsa.

Na ce, "Haka ne."

Aka sallame ni, shi aka ce ya zauna. Mako na gaba aka soke darasin. Wasu suka ce an sa shi a jirgi, wasu suka ce ba jirgi ba ne. Ni ban tambayi kowa ba, don tsoro. Na gama karatuna lafiya na karɓi takardata, har yau kuma ban sani ba ko ya isa gida.