Wayoyi Huɗu a Kan Tudun Bayan Shinge

Abubuwa da yawa sun same ni a bakin bodar Jibiya, wasu na manta, wasu na yafe. Amma ranar da aka sauko da ni daga kan tudu da wayoyi huɗu a hannu, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta bar raina ba.

Ni ɗan kamasho ne a nan Jibiya, a tashar motocin da ke zuwa Maraɗi. Jarina bakina: in kira fasinja, in sa a ɗaure kaya, in raba faɗa tsakanin direba da mai buhu. Shekarar da aka rufe boda sai bakin ya rasa wanda zai kira. Motoci suka jera tayoyinsu na sacewa, mu kuma muka tare a bencin mai shayi tun safe har la'asar, mutum biyu a kofi ɗaya.

Ana cikin wannan zaman ne aka turo mini wani shafin bincike na intanet, irin wanda kake rubuta tambaya ya kawo maka amsa. Sai dai shi wannan wai biya yake yi. Duk tambayar da ka rubuta za a ƙara maka maki, makin ya zama kuɗi. In kuma ka kawo wani ya yi rajista ta hannunka, duk binciken da ya yi kana da kaso. Na karanta sau biyu, na ce to ai wannan kamasho ne, sana'ata ce aka ɗauka aka sa a waya. Wa zai koya mini lodi?

Haka na shiga cusa mutane kamar ina cika mota. Direbobi, 'yan dako, mai faci, shi kansa mai shayin bai tsira ba. Har wani ƙaramin jami'i daga cikin masu tsaron shinge, da ke zuwa shan shayi wurinmu, sai da na yi masa rajista. Ya ce kada in faɗa wa kowa, na ce haba, ni da kai. Sai kuma wani tsohon direba mutumin Maraɗi, wanda ya daɗe zaune a Jibiya, kowa Baba yake ce masa. Shi ya fara sa ni aikin tasha tun ina saurayi. Bai yarda da zancen ba ko kaɗan, ya ce bai taɓa jin inda ake biyan mai tambaya ba, mai amsa ake biya. Duk da haka ya miƙo mini wayarsa, ya ce in yi abin da zan yi in bar kunnensa ya huta.

Matsalar farko, mutanen da na kawo ba sa binciken, in kuwa ba su yi ba ni ba kaso. Baba ma ko boko ba ya karantawa. Don haka kullum da hantsi sai in karɓi wayarsa da ta wasu direbobi biyu, in haɗa da tawa, in yi wa kowa nasa. Matsala ta biyu sabis. Duk wanda ya zauna bakin boda ya sani, kana zaune waya za ta saki layin Najeriya ta kama na Nijar ba sallama. Da ta kama na can, shafin sai ya ƙi ƙirga maki. Na zagaye tashar nan kaf, wuri ɗaya na samu inda sabis ke tsayawa da ƙafarsa: wani ɗan tudu a bayan shingen jami'an tsaro, wanda in ka hau kana ganin duk motar da ta shiga da wadda ta fita. A lokacin wallahi ban ga wannan ba, sandunan sabis kawai nake gani.

Ta uku ita ta kusa kai ni ƙasa. Shafin ba ya ƙirga tambayar da ka maimaita. Kwanakin farko na tambayi duk abin da ya taɓa damuna a duniya, haƙoran kada nawa ne, me ke kawo furfura, jaki da raƙumi wa ya fi daɗewa. Kafin mako biyu kaina ya bushe. Sai na koma rubuta duk abin da kunnena ya kwaso a bencin mai shayi. To me mutanen Jibiya ke tattaunawa a wancan lokacin in ba rashin tsaro ba? Wani ya ce an tare hanya, in rubuta sunan hanyar. Wani ya ce babur ya yi tsada, in rubuta farashin babur. Ko amsar ba na tsayawa karantawa, in dai maki ya motsa na wuce.

Ranar da abin zai faru ina tsugune a kan tudun, waya biyu a cinya, biyu a hannu, sai na ga inuwa ta rufe ni. Jami'ai biyu ne. Ba su zage ni ba, ba su taɓa ni ba, cewa kawai suka yi oga na son ganina. Amma hanyar ofishinsu ta gaban tasha ta bi. Ga ni a tsakiya, ɗaya ya riƙe wayoyin a fili kowa na gani. Mutanen bencin mai shayi suka zubo mana ido. Can na ji wani daga baya ya ce, a hankali amma na ji, "Ashe infoma ne."

Wanda ba ɗan yankinmu ba ba zai san nauyin kalmar nan ba. Infoma shi ne mai kai wa 'yan bindiga rahoton mutanen gari. A wurin nan akwai waɗanda aka ɗauke wa 'yan'uwa, akwai waɗanda suka bar gonakinsu suka dawo cikin gari. In aka manna maka sunan nan, ko hukuma ta sake ka gari ba zai sake ka ba, kuma ba kai kaɗai ba, har matarka da 'ya'yanka.

Ogan mutum ne mai magana a hankali, abin da ya fi tsawa ban tsoro. Ya ce sun fi mako suna kallona ina hawa tudun nan ina fuskantar shingensu. Ya buɗe wayata ya fara karanto abin da na bincika, ɗaya bayan ɗaya: hanyar Riko zuwa Bugaje, farashin babur, jarkar fetur, maganin raunin harsashi, motar sulke. Kowanne ya karanta sai ya ɗago ya dube ni. Ni da na rubuta su da yatsana, da na ji su a bakin wani sai na ji sun zama wani abu daban.

Na yi bayani iya bayani, ni da baki ne sana'ata, amma ranar kalmomi suka riƙa harɗewa. Na nuna masa shafin. Ya ga an rubuta kuɗin da alamar dala, ya tambaye ni wane ne yake biyan ɗan kamasho da dala. Na ce ai ban taɓa cira ba, ba su kai adadin da ake cira ba. Ya ce wato aiki nake wa wanda ban sani ba, a kan kuɗin da ban taɓa gani ba. Sai ya danna wurin da aka jera lambobin mutanen da na kawo. Ya ce, "Waɗannan su ne yaran naka?"

Duk wannan abin, ƙaramin jami'in nan da na yi wa rajista yana tsaye bakin ƙofa. Na dube shi, ya ɗaga kai yana nazarin silin. Na so in ambace shi, na ji tsoron kada a ce sharri nake masa abin ya ƙara lalacewa.

Ogan ya ɗauki tasa wayar ya ce zai kira lambobin ɗaya bayan ɗaya ya ji su wane ne. Ya kira ta farko, wayar Baba ta yi ƙara a kan teburinsa. Ta biyu ma a teburin ta yi. Ta uku a kashe. Ya kira ta huɗu, sai ga kiɗa na tashi daga aljihun mutumin bakin ƙofa. Ya kai hannu ya danne aljihun, kiɗan bai fasa ba.

Ban taɓa jin sautin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Bawan Allah ya ƙame, gumi na zuba, ya zayyana komai da bakinsa: yadda na tsare shi wurin shayi, yadda shi ma ya yi kwana uku yana bincike ya gaji. Ogan ya koma cikin wayata ya gangara ƙasa sosai, ya tarar da haƙoran kada da furfura. Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza. Da ya natsu ya yi mini faɗa mai kyau, ya ce in kwashi tarkacena, kada ya sake ganina a tudun nan.

Na juya zan fita ke nan sai ga Baba, ashe tun ɗazu yana waje an hana shi shiga. Ya gaida ogan ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga yaro gabana ya tashi. Surutu gare shi, kwaɗai gare shi, amma ba mugu ba na. Gaban jama'a kunka ɗauke shi, gaban jama'a za ku maishe shi."

Ogan ya ɗauki hularsa. Da ƙafa ya rako ni har tasha, ya zauna a bencin mai shayi kusa da ni, ya sa aka haɗa mana shayi, shi ya biya. Da bakinsa ya ba mutane labarin, har da kiɗan aljihu, aka yi ta dariya ana tafawa. Ni ma na yi dariyar, amma ba ta kai ciki ba. Baba ya karɓi wayarsa, salularsa kamar yadda yake cewa, ya sa a aljihu. Da na isa gida na tarar labarin farko ya riga ni zuwa, maiɗakina ta yi kuka har idonta ya kumbura. Alhamdu lillahi, na biyun ma bai daɗe ba ya iso.

A ranar na goge shafin, dalar tana nan inda na bar ta. Abin da na koya shi ne, duk abin da yatsa ya rubuta a waya magana ce, kuma wata rana wani zai iya karanta maka ita da ƙarfi. Tun daga nan ba na rubuta abin da ba zan iya maimaitawa a bencin mai shayi ba. Na hau tudun nan neman kuɗin da ban taɓa riƙewa ba, saura ƙiris in bar sunana a can, suna kuwa, ba don Baba ya tsaya mini ba, da ban san inda zan samo wani ba.